Harshen Sanda Mai Duro

A Agege, in ka tambayi gidan Malam Sanda za a ce wanne, amma in ka ce Sanda mai duro, ko 'yan okada masu haya da babur sun san layin. Tun yana saurayi ya zo daga Gusau. Ya yi dako a Apapa har bayansa ya gaji, sannan ya koma sayen duron roba da kamfanoni suka gama da shi, ya wanke ya sayar wa 'yan garuwa da mata masu koko. Ni ne wanzaminsa, sunana Ja'afar, kuma na daɗe da kan mutumin nan a hannuna.

Sanda yana da tsarinsa. Kowane duro sai ya yi masa irin wankin da ake yi wa kwanon da kare ya sa baki, har da cuɗawa da ƙasa. In ya gama sai ya cika shi da ruwa, ya kamfata da moɗa ya sha a gaban mai saye. Kullum cewa yake abin da ya tsarkake bakin kare ba abin da zai gagare shi, kuma shi ba ya sayar wa Musulmi abin da harshensa bai yarda da shi ba. Da haka ya yi suna, ni ma ina ganin girmansa.

Sai Ɗan Azumi ya shigo lamarin. Direba ne, yana kwasar sharar wani kamfanin fenti da maganin ƙwari. Kamfanin yana fariyar ba ya zubar da komai, kusan duk shararsa ana sake sarrafa ta. Amma akwai duro masu jan tambari da aka ce a kai can bayan gari a ƙone, kada kowa ya taɓa. Ɗan Azumi ya ga asara ce a ƙone duro sabo fil, sai ya riƙa sauke wasu a ƙofar Sanda. Shi kuwa Sanda ya kankare tambarin da wuƙa, ya yi wankinsa, ya sha.

Ba a daɗe ba kwatar layin ta canza. Sauro ya ɗauke, ɓeraye suka ɓace, Sanda har yana murna wai tsaftarsa ce. Sai aka tsinci agwagin maƙwabciyarsa a bakin kwatar, ƙafafu sama. Ni kuma in ina masa aski, gashin yana biyo hannuna tun kafin aska ta taɓa shi. Na yi masa magana, ya ce tsufa ne, in bar shi da surutun wanzamai. Raina ya ɓaci, amma mai taurin kai ba a ja masa kunne a gaban mutane.

Abin da ya tsorata ni a wurin mai abinci ya faru. Sanda da ko ƙamshin miyar Yarbawa ke sa shi gumi, ya share kwano tas, ya ce matan nan sun koyi rowar barkono. Ni kuwa hawaye nake yi daga loma ɗaya. A nan na gane harshen da duk unguwa ta dogara da shi ya mutu, mai shi bai sani ba.

Ana cikin haka 'yarsa Safinatu ta haihu, haihuwar fari. Ranar suna na je aske jaririn, sai na ga duro shuɗi a tsakar gida, da tabon wuƙa a gefensa. Wata tsohuwa ta gaya mini kyautar uban mai jego ce, wanda ya fi kyau ya zaɓar mata. A ciki ake jiƙa geron kunun kanwarta tun ranar haihuwa.

Na ja Sanda zaure na gaya masa. Ya fusata, ya ce da bakinsa ya sha ruwan duron, zai ba 'yarsa guba ne? Ban yi musu ba. Na ce ya rufe ido, na ɗauko ɗan gutsuren kanwa daga kicin na sa masa a baki. Ya tsotsa, ya juya shi, ya daɗe.

"Ja'afar, dutse ka ba ni?"

"Kanwa ce, Malam."

Ya tofar a tafinsa ya tsaya yana kallo. Sannan ya shiga gidan ba sallama, ya ratsa mata, ya sa kafaɗa ya kifar da duron. Gero da ruwa suka malale har bakin ƙofa. Kajin gidan suka rugo, ya cire hularsa yana korarsu, mata suna tambayar ko lafiya.

Safinatu ta ɗaga labule, jaririn yana kan nono, kofin kunu a ɗaya hannun, saura kaɗan a ƙasansa.

"Baba, me ya faru? Ba kai ka ce ka sha ba?"

Sanda ya miƙa hannu ya karɓe kofin daga hannunta.