Na Nemi Tururuwa a Bangon Asibiti

Tun da wuri in faɗa, ni ne wawan labarin nan, kada wani ya riga ni. Wata Laraba ce cikin Sha'aban ɗin bara jikata Zulai ta cusa ni a Keke Napep zuwa asibiti, a yanke wani ƙari da ya fito mini a gadon baya har ya hana ni kwanciya rigingine. Likitan, yaro ɗanye, ya miƙo wani tabarau kamar akwatin rediyo, wai in na saka zan ga wata duniya, hankalina ya bar wurin yankan. Na ture. Na riga na cika wa Zulai baki a hanya cewa ko tari ba za ta ji na yi ba, kuma ina da hujjata.

Ina ɗan shekara takwas ko tara, a gidanmu na Ƙofar Kibo, aikina bayan makarantar allo shi ne yankan ciyawar awaki a bayan ganuwa. Can na taka tushiyar dawa, ta karye a cikin tafin ƙafata. Na ɓoye, don kada a hana ni langa, har ƙafar ta kumbura ta tara mugunya. Babanmu ya aika aka kira wanzami. A lokacin, yaron da ya yi kuka a hannun wanzami ya shiga uku; sunan Mai-raki zai bi shi dandali, ya bi shi har ranar aurensa. Ga abokaina sun cika ƙofar zaure suna leƙe. Baba ya danne mini gwiwa, abin da ya ce kawai shi ne, "Ka san ɗan wa kake." Da wanzami ya buɗe zabira na ga aska, sai na juya fuska bango. Nan na ga wata tururuwa ta ɗauko ƙwayar gero tana hawa. Ta faɗo, ta sake ɗauka. Na ƙudura a raina ba zan buɗe baki ba sai ta kai wata tsaga da ke ƙarƙashin azara. Na bi ta da ido, ina taya ta dako, hawaye na zuba amma murya ba ta fita ba. Kafin ta kai, an ɗaure ƙafa da tsumma.

To, da wannan ilimi na kwanta wa likita. An yi allurar kashe zafi, amma ina jin ana jan naman, ina jin ƙarar almakashi, gumi ya karyo mini. Na juya bango neman tururuwa. Fari fat, sumul, ko ƙuda babu! Saura ƙiris in kurma ihu, ga Zulai a tsaye. Na ce cikin dattako, "Likita, kawo abin nan in duba muku ingancinsa."

Ana saka mini tabaran, sai ga ni a ƙarƙashin teku, ni da iyakata kududdufin unguwa. Kifaye shuɗɗa da rawaya, wani kunkuru yana tafe a hankali kamar mai unguwa. Na bi shi. Ban ankara ba aka ce an ɗinke.

A hanyar gida na yi ta tuna zauren nan, wanda yanzu bulo ne da fenti, da hannun Baba a gwiwata. Duk sun tafi, har masu leƙen. Da muka isa na zauna ina yi wa Hajiya, uwargidana, bayani cewa mutanen yanzu sai da na'ura suke jurewa, ni kuwa ko uffan ban ce ba.

Zulai ta aje jakar magani ta ce, "Ko uffan? To wa ya yi ta ihun a riƙe masa hula kada ruwa ya tafi da ita?"