Tagar da Ke Kallon Titi

A ɗakin karatun mahaifina, a gidanmu na Fagge, akwai wani akwatin katako da ba a taɓawa. Yana ƙarƙashin kantar littattafai, an lulluɓe shi da tsohon buzu. Inna takan share gefensa, ba ta matsar da shi. Da na tambaya ina yarinya, Baba ya ce, "Ajiyar mutane ce," bai ƙara ba.

Na san mai ajiyar. Abokin aikin Baba ne a wani kamfanin sayen gyaɗa, dukansu akawu. Ibo ne dogo, mazaunin Sabon Gari, amma ya ji Hausa kamar jakin Kano. Yakan zo gidanmu a keke, tun daga bakin lungu ake sanin shi ne, don ba ya tafiya sai da fito. Inna ta ce masa fito kiran shaiɗanu ne, ya yi dariya ya ce nasa shaiɗanun 'yan Amurka ne, ba su san hanyar Fagge ba. A shekarar da gari ya rikice, gab da yaƙin basasa, ya sa matarsa a jirgin ƙasa ta tafi gida, shi ya tsaya kimtsa kaya. Wata rana da hantsi ya kawo wa Baba akwatin, ya ce zai karɓa in ƙura ta lafa. Baba ya roƙe shi ya zauna a gidanmu. Ya ce akwai abin da zai ɗauko tukuna. Ba mu sake ganinsa ba.

Shekara goma sha wani abu suka wuce. Na gama makarantar horon malamai, na fara koyarwa a firamare. A shekarar ne soja suka ce za su koma bariki, gari ya cika da tutocin jam'iyyu da motoci masu lasifika. Wata Asabar wata mata ta yi sallama ta shigo tsakar gida, da ɗaurin zane biyu irin na matan kudu. Inna na tuƙa tuwo, ta ɗago ta dube ta, sai ta saki muciya.

Matar mai ajiyar ce. Ta rame, furfura ta fito mata, amma Hausarta na nan. Bayan gaisuwa aka kira Baba.

"Malam, ya zo nan?"

"Bai zo ba, Madam."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya. Na je tasha, na je asibiti, na tambayi duk wanda na sani. Allah ne shaida."

Ta gyaɗa kai. Ta ce wata 'yar garinsu mai fatauci ta ga wani mai kama da shi a kasuwar Sabon Gari. Ta ce tunda soja za su tafi, wataƙila masu ɓuya za su fito. Shi ya sa ta dawo, ta kama ɗaki a tsohon gidan da suka zauna, ta fara sayar da atamfa.

Baba ya jawo akwatin da kansa ya buɗe a gabanta. Shi duk zatonsa takardu ne. Ashe faya-fayan garmaho ne jere reras, kowanne cikin rigarsa ta kwali, da hotunan baƙaƙen Amurka sanye da kwat. Baba ya riƙe haɓa ya ce, "Ikon Allah! Shekara da shekaru ina karatu, ashe da mawaƙa nake kwana." Madam ta yi dariya, dariyar ta juye kuka.

Ni na raka ta da akwatin a tasi. Da na dawo Baba ya ce, "Ki riƙa leƙa ta. Magariba dai ta same ki a gida." Haka Asabar ɗina ta zama tata. Ina kiranta Mama, tana kirana 'yata.

Ɗakinta na da taga mai kallon titi. Ta sayi tsohon garmaho mai aiki da lantarki, ta ɗora sifikarsa a bakin tagar, fuskarta waje. Na ce, "Mama, ai mu ba ma ji sosai."

"Ba don mu ba ne," in ji ta. "In ya wuce zai gane. Ko ya manta da ni, ba zai manta da waɗannan ba."

A ɗakin nan na fara jin kiɗan da ake kira sol. Ba na gane rabin Turancinsu, amma ba sai an fassara mini ba. Namiji ne katon gaske yake magiya kamar zai durƙusa, ƙahoni na amsa masa, mata na mara masa baya. Kafin allura ta kai ga waƙa akwai wani ƙas-ƙas kamar ana soya gyaɗa, har yau shi na fi kewa.

Samarin gidan, masu tulin suma da wanduna masu faɗin ƙafa, sun ce wannan kiɗan tsofaffi ne. Su rege suke yayi, mai dukan da ake ji a ƙirji kafin kunne, da kuma disko na rawa. Ba a jima ba suka fara zuwa da nasu faya-fayan, a sa nata a sa nasu. Mama ta so rege, ta ce masu yinsa sun san jira. In aka sa na rawa, ni da 'yan matan gidan mukan saki labule mu cashe har gumi ya jiƙa mana riga, ni da ko a biki ba na iya ɗaga ƙafa. Ita ba ta rawa. Tana zaune kusa da taga, kunnenta ɗaya a waje.

Bayan an rantsar da farar hula da 'yan kwanaki, na je na same ta ita kaɗai. Rana ta yi sanyi, titi ba mutane sosai. Ta sa wani faifai mai taushi da ta fi so. Waƙar ta yi nisa sai inuwar mutum ta faɗo a kan labule. Dogo ne, yana riƙe da keke. Bai wuce ba, bai yi sallama ba, ya dai tsaya.

Mama ta damƙe wuyan hannuna har sai da farcenta ya shiga. Ba mu yi motsi ba. Inuwar ta sunkuyar da kai kamar mai saurare. 

"Duba," ta ce, da ƙyar.

Na ɗaga gefen labulen. Wani dattijo ne Bahaushe da hula, ya ɗaure keken ɗinki a bayan kekensa. Na faɗa mata, amma duk da haka ta fita, ko takalmi ba ta sa ba. Na bi ta.

"Baba, lafiya?" ta ce wa dattijon.

"Lafiya lau, ku yi haƙuri. Kiɗan nan ne ya tsayar da ni. Da can a barandar can nake ɗinki, kullum daga tagar nan nake jin sa. Na zaci mai shi ne ya dawo."

"Mijina ne."

Dattijon ya ƙura mata ido, ya yi salati. Ta ce, "Ka gan shi ranar?"

"Na gan shi. Ya fito ta ƙofar nan da farar riga, ba kaya a hannunsa sai takalmin mata, ja, mai tsini. Na kira shi ya zo ya ɓuya wurina, ya ɗaga mini hannu, ya yi wajen tasha."

"Sai me?"

"Da ƙafarsa ya sha kwana, Madam. Iyakar abin da idona ya gani ke nan."

Ƙasa yake kallo sa'ad da ya faɗi haka. Har yau ban sani ba ko kunya ce, ko wani abu ya haɗiye. Ya tura kekensa ya tafi.

Muka koma ɗaki. Faifan ya ƙare, allura na ta zagaye a banza. Mama ta ce, "Takalmin rawata ne. Na manta shi a ƙarƙashin gado, na yi ta mita a tasha." Ta mayar da allurar farko. Sai ta miƙe tsakiyar ɗaki, ta ɗaga hannun hagu ta ɗora a iska daidai kafaɗar dogon mutum, ta fara juyawa a hankali, ido rufe. Na raɓe jikin bango. Ba zan ɓoye ba, tsoro na ji, don yadda take kaucewa tana ba da hanya, sai ka rantse mu uku ne a ɗakin. Ban sake ganin ta yi rawa ba.

Ta ci gaba da zama, sifika na bakin taga. Na yi aure a Rijiyar Lemo, zuwana ya ragu. Soja suka dawo, kasuwa ta mutu, ƙafafunta suka fara kumbura. Ƙannenta suka zo suka ce sai ta koma gida. Na raka ta tashar mota, akwatin na kan cinyarta, ta hana a ɗora shi sama. Mota na shirin tashi ta jawo ni kusa.

"'Yata, yana da tabon ƙuna a bayan kunnen hagu. In kin gani."

"Me zan ce masa, Mama?"

"Kada ki ce komai. Ki bi shi ki ga gidan da zai shiga."

Bayan 'yan shekaru wani ɗan garinsu ya gaya mini ta rasu. Baba ma ya riga mu gidan gaskiya.

Yanzu ni ce mai furfura. Ran Lahadi da rana wani gidan rediyo kan sa tsofaffin waƙoƙi, sol da rege da na rawa, nakan ƙara murya jikokina suna mini dariya. Na san da wuya a ce yana raye, ko yana raye ya haura casa'in. Amma in na shiga kasuwar Singa sayen kayan masarufi na ga wani dogon tsoho a gabana, sai in tsinci kaina na koma ta hagunsa, ina rage sauri.