Tagar Ɗakin Goro

Ɗakin Innata a Salaga ba don mutum aka gina shi ba. Kakanmu ya gina shi don ajiyar goro, goro kuwa ba ya son iska, shi ya sa babu taga ko ta leƙen ƙadangare. Da fataucin goro ya mutu muka koma doya da dawa, sai aka fitar da kwanduna aka shigar da Inna.

A shekarun alif ɗari tara da tamanin ɗin nan, in damina ta sauka, komai a ciki take yi. Kurfoti, murhun ƙarfen nan, na cin gawayi a tsakiya, fitilar kananzir na fitar da baƙin hayaƙi, maganin sauro na nasa, ga turaren wuta a kai. Wallahi in ka shiga gaishe ta sai ka lalubo ta da hannu. Sauro ma daga bakin ƙofa yake sallama ya juya. Dariya nake yi, har ranar da na dawo daga kasuwar Kpandai na tarar tari ya durƙusar da ita, ko sannu ta kasa ce mini.

A asibitin Yendi aka ce hayaƙi ne, a raba ta da shi. Inna ta ce ba ta barin ɗakinta. Na ce to a fasa taga. Baffana, ƙanin mahaifina, wanda gidan ke hannunsa, ya ce bangon ubansa ko farce ba za a sa masa ba.

Ana nan na kai lodin doya Bawku. A gidan wani mai albasa na ga moda, shukar nan mai ganye kamar takobi, a gwangwanin madara. Matarsa ta ce tana gyara iskar ɗaki. Na roƙo ɗaya, na rungumo ta a gaban lori kamar amarya.

Baffa ya leƙa gwangwanin. "Kai, jikan fatake! Wannan doyar ta ina take yin ƙwaya?"

Inna kuwa ta karɓe ta, tana kiranta baƙuwata, tana ba ta ruwa kafin ita ta sha. Amma modar da ko kan dutse ba ta mutuwa, a ɗakin nan sai da ta sunkuya. Na goge ganye ɗaya da farin ƙyalle a gaban Baffa, ya fito kamar gindin tukunya. Na ce, "Baffa, ganye ke nan. Ina ga ƙirjin da ke shaƙa?" Ya ce raini ne.

Inna ce ta yanke maganar. Ita da ba ta taɓa roƙa wa kanta iska ba, ta ce, "Ku buɗe wa baƙuwata haske, kada ta mutu a hannuna."

Ban jira ta maimaita ba. Da hantsi na ɗauko diga.

"Bangon ubana!" in ji Baffa.

"Ubanka goro ya ajiye, Baffa. Ni uwa na ajiye."

Na fasa taga wadda raƙumi zai leƙo da tozonsa, na mai da kurfoti rumfar waje. Ban ce moda ce ta warkar da Inna ba, kuma tarin bai tafi duka ba. Amma saboda shukar nan take buɗe taga tun asuba, mu da muka yi ta magiya ba ta ji ba.

Baffa ya daina amsa gaisuwata har bayan Sallah, ya sa mini suna mai fasa gida. Ban ba shi haƙuri ba, ba kuma zan bayar ba. Kafin wata damina Inna ta samu numfashin da take yi mini faɗa tun safe har azahar ba ta tsaya ba, ni kuwa ina zaune ina cewa ƙara, Inna, ƙara.