Sunan da Anti Makulli ta ƙi gogewa

A sashen lissafi na jami'ar ba wanda ke kiranta da sunan yanka. Anti Makulli ake ce mata, domin ita ke kula da kundin sunaye, wato inda kowace kwamfuta ke tambaya kafin ta buɗe wa mutum: wane ne wannan, ina aka yarda ya shiga? Shekara goma sha tara tana wannan aiki a wani ɗaki mai taga ɗaya, daga ita sai butar shayi da fanka mai kuka. Fara'a kam ba ta dame ta ba. In ka manta lambar sirrinka sau biyu a wata guda, sai ta tambaye ka ko kana gane hanyar gidanku.

Ita ce ta haɗa wa Farfesa Dogo kwamfutocin ɗakin ɗalibai talatin da biyu suka zama tamkar inji ɗaya. Lissafi yake yi na inda ruwa zai bi a unguwannin bakin kogi in an yi ambaliya, aikin da kwamfuta ɗaya za ta shekara ashirin tana fama. Aka yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace ta riƙa ɗaukar rabonta in ba ɗalibi a gabanta. Da sunan Farfesa aikin yake tafiya. Wata bakwai da farawa Allah ya yi masa rasuwa, kwamfutocin kuwa suka ci gaba da abinsu.

Ana haka aka yi sabon shugaban sashe, ya ce a haɗa kundin da rumbun bayanan ofishin ma'aikata, duk wanda ya bar aiki sunansa ya fita da kansa. Anti ta yi masa bayani dalla-dalla. Rumbun nan mai jadawali na abin da ke sauyawa kullum ne, hutu da ƙarin girma. Kundi kuwa ana tambayarsa sau dubu a wuni, kuma akwai ayyukan da ke rataye a wuyan sunayen cikinsa. Ya yi mata godiya irin ta wanda bai saurara ba, ya miƙa mata jerin waɗanda za ta fara gogewa kafin a haɗa. Farfesa ne na uku. Da zarar sunansa ya fita, kwamfutocin za su rufe wa lissafin ƙofa, kuma yadda marigayin ya tsara shi, in ya tsaya sai dai a koma farko. Saura kwana goma sha ɗaya ya ƙare.

"Anti, mutumin nan fa ya rasu," in ji shugaban.

"Na sani, ranka ya daɗe, har gaisuwa na je. Aikinsa ne bai rasu ba."

Ta goge sauran, ta bar na uku. Takardar tuhuma ta zo, ta ɗora butar shayi a kai. Ta biyu ta zo da barazanar dakatarwa, kuma ta ji tsoro ƙwarai, don ita ke riƙe da 'ya'yan ƙanwarta uku. Duk da haka kowace safiya sai ta zaga ɗakin ɗalibai tana dafa bayan kwamfutocin. Da ta ji wata ta yi zafi fiye da kima, ta ciro fankarta ta kafa mata, ita ta zauna tana fifita da fayil.

Ranar Talata da hantsi lissafin ya kammala. Saƙo ya faɗa akwatin imel na Farfesa cewa an gama. Anti ta kira ɗalibarsa, wadda yanzu malama ce a sashen, ta zo ta kwafe komai. Da taswirar ta buɗe, malamar ta nuna unguwa uku da ruwa zai fara ci, sai hawaye.

Bayan ta fita, Anti ta buɗe kundin, ta daɗe tana kallon sunan. Sai a lokacin ta ji mutuwar sosai.

"An gama, Malam. Allah ya ji ƙanka."

Ta goge shi da hannunta. Sannan ta ɗaga butar, ta ɗauki takardun nan biyu, ta nufi ofishin shugaba.