Tsohuwar da ke Layin Karɓar Magani

Tana zaune a bencin da ke gaban tagar karɓar magani. Tsohuwa ce siririya, ta ɗaure ƙafar tabaraunta da zare, littafin rubutu na leƙowa daga jakarta. Tafin hannunta ya yi kaushi, kamar ta shekara arba'in tana wankau. Ina jin sai da furfura ta fito ta shiga aji, don in tana karatu leɓɓanta motsi suke.

Wata mai goyo ta miƙo mata kwalba. "Iya, duba mini, sau nawa zan ba shi?"

Tsohuwar ba ta karɓa ba. Ta kama yatsan matar ta ɗora a kan lambar da ke jikin kwalbar. "Kin ga wannan mai tumbi biyu? Uku ke nan. Faɗi."

"Iya, sauri nake."

"Na fi ki sauri, 'yar nan, ni kabari ke jira. Malamarmu ta ce zakkar ilimi koyar da shi. In na karanta miki yau, gobe wa zai karanta?"

An kira lambar tsohuwar har sau biyu. Ba ta saki yatsan nan ba sai da matar ta ce, "Uku."