Ranar da Surukina Ya Same Ni da Jambaki

Ƙanwata ta zo hutu gidana a Birnin Kudu da jaka cike da jambaki da salatif da fararen takardu. Na ɗauka sana'a ta fara, ashe aikin kammala karatunta ne a jami'a.

Ta ce leɓen kowa yana da zane irin nasa, kamar yadda yatsa yake da shi. Idan aka yi ɓarna a wani wuri, aka tarar da shatin leɓe a bakin kofi, masu bincike kan duba ko za su gane na namiji ne ko na mace. Ita kuma so take ta gwada a kan mutanenmu. Za ta shafa maka jambaki, ta manna salatif, ta ɗaye, ta liƙa a takarda.

Matan unguwa ba su ba ta wahala ba, har layi suka yi a tsakar gida. Maza kuwa, duk wanda ta tunkara sai ya tuna yana da uzuri a gona.

"Yaya, in ba ka fara ba, babu mai yarda," in ji ta.

Na ce Allah ya kiyaye. Matata ta sa baki, suka yi mini taron dangi, har na zauna a kan turmi na miƙa leɓe. Ta zaɓo wani ja wur ta shafa mini. Ba ta kai ga manna salatif ba muka ji sallama a zaure. Na goge da bayan hannu, na fita da sauri, ban san baza shi na yi har kumatu ba.

Surukina ne, daga Gwaram. Ya zo dubiya asibiti, ya biyo ya ga jikokinsa. Na durƙusa muka gaisa: gida, iyali, damina, gajiya. Idonsa na kan tabarma, sai jefi-jefi ya ɗago ya sake sunkuyawa. Can ya yi gyaran murya.

"Malam, wannan abin na bakinka, an nuna wa likita kuwa?"

Na taɓa leɓena, na duba yatsa, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Matata da ke laɓe tana dariya ita ta fito ta cece ni. Ta kira ƙanwata ta yi masa bayani tun daga farko.

Tsohon ya saurara da kyau. Ya tambaya ko da wannan za a iya kama mai laifi. Ƙanwata ta ce, "Baba, shi kaɗai ba ya isa, kuma yakan yi kuskure. Yana dai rage yawan waɗanda ake zargi."

Ya ce ai ko hakan ma taimako ne, ta zo Gwaram zai tara mata maza.

Bayan sallar Juma'a muka je. Ya cika zaurensa da ƙannensa da maƙwabta, ya sa aka tura ƙyaure, ya ce abin da ya faru a nan ya tsaya a nan. Shi ya fara miƙa baki, gemu fari tas, leɓe ja. Ba wanda ya yi dariya sai da ya kalli madubi ya fara da kansa.

Da aka gama, suka ce sai sun jarraba ta. Aka ɗauki shatin matan gidan su ma, aka cakuɗa takardunsu da na mazan, ta ɗauko gilashinta mai ƙara girman abu tana canka. Ta dace da yawa, ana ta tafi. Sai ta ɗaga wata, ta daɗe tana dubawa, ta ce wannan ta mace ce. Ashe ta ƙanin surukina ce, mahauci mai murya kamar tsawa. Ya ce bai yarda ba, a sake shafa masa. Aka sake, ta duba, ta ce ita dai abin da ta gani ke nan.

Ya fice yana faɗa, ya manta bai goge ba. Sai da ya kai bakin kasuwa wata mai ƙosai ta gaya masa.