Wanzamin da Ya Ƙi Kafa Ƙaho

A gindin tsamiyar kasuwar Tsafe, wani wanzami mai furfura yana tsugune gaban tsohon da aka sauko da shi daga jaki, bakin tsohon a karkace. Yana ɗaga hannun tsohon, yana saki, hannun na faɗuwa kamar jiƙaƙƙen tsumma. Daga yadda yake lalubar jijiyar wuya, ka san ya daɗe yana bin sawun wannan cuta. Wataƙila ita ta kwantar da mahaifin shi wanzamin.

"Iska ce ta buge shi, Malam," in ji Tambaya, ɗan tsohon.

"Iska! Wata uku yana kukan ciwon ɓarin kai, harshe na yi mishi nauyi, kuna ta turara shi!"

Wanzamin yana mayar da ƙahonsa cikin zabira.

"Ku kai shi gida. Ku riƙa juya shi, kada bayansa ya yi gyambo."